Gidan Kiriyol na New Orleans: yadda ake gane shi da yadda ake gyara shi

A tsofaffin unguwannin birnin New Orleans na jihar Louisiana a Amurka, wato French Quarter da Marigny da Tremé da Bywater, akwai wani ƙaramin gida mai dogon rufi da ke zaune dab da bakin titi. Shi ake kira gidan Kiriyol, wato da sunan mutanen da aka haifa a Louisiana zamanin mulkin Faransa da Sifaniya da zuriyarsu. Yawancinsu an gina su ne tsakanin 1790 da 1850. Gobara biyu ne suka share musu fili: ta ranar 21 ga Maris 1788 wadda ta cinye gine-gine 856, da ta Disamba 1794 wadda ta cinye 212. Sifaniya ce ke mulkin garin a lokacin, sai hukuma ta tsaurara dokar gini, aka koma ga jan bulo da filasta da rufin da wuta ba ta saurin kamawa. A 1809 da 1810 kuma mutane wajen 10,000 da juyin juya halin Haiti ya raba da gidajensu suka iso ta Kuba, buƙatar muhalli ta ƙaru ƙwarai. Da yawa daga masu waɗannan gidaje da maginansu 'yantattun mutane ne masu asalin Afirka, irin su Jean-Louis Dolliole, kuma bayi ne suka yi mafi yawan aikin buga bulo da yankan katako.

Duk wanda zai sa hannu a irin wannan gida, abu ɗaya ya kamata ya riƙe. An gina shi da kaya masu taushi a kan ƙasa mai ruwa, cikin garin da ke samun ruwan sama wajen inci 60 a shekara. Maginansa ba su yi niyyar hana danshi shiga ba, don sun san ba zai yiwu ba. Hanyar fita suka bar masa ta ko'ina. Yawancin ɓarnar da ake gani yau ta fito ne daga gyaran da ya toshe wannan hanya.

A fara da gane shi

A tsaya a tsallaken titi a dubi rufin. Ƙoƙuwar rufin gidan Kiriyol tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da titi, gangarensa ɗaya na fuskantar mai kallo, ɗayan na kallon tsakar gida. Wannan ne ya raba shi da wani siririn gida mai ɗakuna a jere da ya cika garin daga baya, wanda ƙoƙuwarsa ke miƙewa daga titi zuwa baya. Rufin yana da tsayi sosai, har ana samun ɗakin kwana a cikinsa, sau da yawa da tagogi biyu da suka ɓullo ta jikin gangaren.

Fuskar gidan kafa huɗu gare ta, ko dai ƙofa biyu da taga biyu, ko ƙofofi huɗu masu ganye bibbiyu da gilashi a sama. Babu filin gaba, babu baranda. Daga hanyar masu tafiya a ƙasa sai 'yar matakala mai taki biyu ko uku, sai ɗaki. A saman fuskar akwai rumfa da ta fito ƙafa uku zuwa huɗu a kan hanya. A gidajen farko sandunan ƙarfe ne ke riƙe da ita, a na baya kuma rufin ne da kansa ya zarce.

A ciki ɗakuna huɗu ne kusan daidai wa daida, biyu gaba biyu baya, kowanne ƙafa 12 zuwa 14 a kowane gefe. Babu korido, daga ɗaki ake shiga ɗaki, kuma ƙofofin suna saitin juna don iska ta ratsa daga titi zuwa tsakar gida. Bututun hayaƙi biyu ne a jikin bangon tsakiya, kowanne yana ɗaukar murhun jin ɗumi biyu da suka ba juna baya. A can baya akwai ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya a kowace kusurwa, da buɗaɗɗiyar baranda a tsakaninsu. A cikin ɗayansu ake sa murɗaɗɗiyar matakalar hawa ɗakin rufi. Ɗakin girki ba ya cikin gidan, yana wani gini dabam a ƙarshen tsakar gida saboda zafi da tsoron gobara. In aka ga kafa biyar a fuska da korido a tsakiya, to salon Amurkawa ne ya shigo, galibi daga shekarun 1830 zuwa gaba.

Sai a gano irin bangon, domin gyara ya danganta da shi. Akwai na jan bulo zalla. Akwai na katako. Akwai kuma wanda ya fi shahara, wato a kafa firam na manyan katakan saifires, itacen fadamar Louisiana mai jure ruwa, a haɗa su rami da harshe a soke da turakun itace, sannan a cike tsakanin ginshiƙan da jan bulo a shafe da filasta. Mafi sauƙin wurin ganin gaskiyar bango shi ne cikin ɗakin rufi, inda ba a yi shafe ba. A nan ma ake ganin lambobin Rumawa da kafintoci suka sassaƙa a gaɓoɓin katako don kada su rikice wajen harhaɗawa. Daga waje kuwa, siraran tsaga a miƙe da wasu a karkace cikin filasta suna nuna inda ginshiƙi da tokara suke.

Daga sama ake farawa

Kada a taɓa bango ko fenti kafin a gama da rufi. A hau ɗakin rufi ana tsakar ruwan sama ko da zarar an ɗauke, da tocila. Yoyo ba kasafai yake fitowa daga tsakiyar gangare ba. A duba gindin bututun hayaƙi, da gefunan tagogin rufi, da inda rufi ya haɗu da bangon gefe wanda a wasu gidajen ya ɗara rufin tsayi don tare wuta. Ƙarfen da aka shimfiɗa a waɗannan mahaɗai shi ke fara mutuwa.

In rufin na sileti ne, wato siraran fallayen dutse, a ƙwanƙwasa waɗanda ake shakka. Mai ƙara rau yana da sauran rai, mai amo a dushe ya ruɓe. Sau da yawa dutsen lafiyarsa lau, ƙusar ce tsatsa ta ci, shi ya sa yake zamewa. A mayar da shi da ƙusar jan ƙarfe, kuma kada a buga ta har ta danne dutsen, rataye shi ake yi. Kowane layi ya rufe kan na biyu da ke ƙarƙashinsa da inci uku. In fiye da kashi 20 cikin 100 na gangare ɗaya sun fashe ko sun zame, sauke gangaren a sake jerawa ya fi faci sauƙin kuɗi, a tsince masu kyau a sake amfani da su. Kada a taka sileti da ƙafa, kuma kada a shafa masa kwalta: tana bushewa ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya zauna.

Rumfar gaba ba ado ba ce. Ita ke hana ruwa dukan filasta da ƙofofi. A duba inda sandunan ƙarfenta suka shiga bango, domin ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa bulon da ke kewaye da shi. A kankare, a shafa maganin tsatsa, a cike gefen da kwaɓin farar ƙasa.

Sai magudanar rufi. Ruwan sama inci ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in ƙafa 1,000 ya haura lita 2,300. In bututun saukar ruwa ya ƙare a gindin bango, duk wannan ruwa harsashin gidan yake sha. A kai shi har magudanar titi. A da, manyan tankunan katakon saifires ne a tsakar gida ke karɓar wannan ruwa, da aka cire su sai nauyin ya koma kan bututu.

Ƙasa da gungumen kwance

A New Orleans ba a haƙa mai nisa ake tarar da ruwa. Jan bulon garin iri biyu ne: na lakar Kogin Mississippi, ja mai taushi, da na arewacin Tafkin Pontchartrain wanda ya ɗan fi ƙarfi. Dukansu suna zuƙar ruwa daga ƙasa. Alamar haka ita ce layin danshi ƙafa biyu zuwa huɗu daga ƙasa, da farin gishiri a fuskar bango, da filasta mai kumbura.

A zagaya gidan a ga ko ƙasa ta hau shi. Cikin shekara ɗari biyu an yi ta ɗaga titi da tsakar gida, har a wasu wurare ƙananan tagogin iska na ƙarƙashin daɓen katako sun nutse. A tone su a buɗe. In an malala kankare a tsakar gida ko lungun gefe har jikin bango, a fasa aƙalla ƙafa ɗaya zuwa biyu daga bangon, a mayar da bulo a kan yashi ko tsakuwa, da ɗan gangare zuwa waje. Kankare yana hana ƙasa fitar da tururi, sai danshin ya nemi bango ya bi. Tsakanin ƙasa da kowane katako a bar aƙalla inci shida.

Gungumen kwance, wanda dukan ginshiƙai ke tsaye a kansa, shi ne ran gidan firam. A bi shi da sukudireba ana sokawa duk bayan ƙafa ɗaya, musamman ƙarƙashin tagogi da kusurwoyi da wurin bututun ruwa. In akwai na'urar auna danshin katako a yi amfani da ita: daga kashi 20 cikin 100 zuwa sama ruɓa na iya kamawa. Ba dole ne a cire gungumen duka ba. A tokare gidan, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen itace, a haɗa sabo da dogon yanka a karkace, a ɗaure da ƙarfen da ba ya tsatsa. A nemi tsohon saifires da aka ciro daga rusassun gine-gine. Saifires ɗin da ake yanka yau ƙanana ne, ba su da zuciyar da ta sa na da ya yi suna, saboda haka in sabo za a sa, a shayar da shi maganin boret, mai hana ruɓa da gara, tukuna. Tsakanin gungume da bulon da yake kai a shimfiɗa fallen jan ƙarfe ko sileti don yanke hanyar danshi.

Wajen ɗaga gidan da jak ake yawan yin ɓarna. Kada a wuce kashi ɗaya bisa takwas na inci a rana, kuma a yi da jak da yawa a tare, ba ɗaya ba. Kada ma a nemi daɓen ya daidaita cif. Gida ya shekara ɗari biyu yana zama a hankali, ƙofofi da filasta da bututun hayaƙi duk sun bi wannan zaman. Manufa ita ce a tsayar da motsi, ba a mayar da gidan ranar da aka gama shi ba. In gindin ginshiƙi ya ruɓe a bangon firam, a ciro bulon da ke gefensa da hannu, a jera su yadda suka fito, a yi wa ginshiƙin sabuwar ƙafa, a mayar da su.

Bango: a nan siminti ke kisa

Asalin kwaɓin da aka jera bulon da shi, da filastar da aka shafe shi da ita, farar ƙasa ce da yashi, sau da yawa farar ƙasar da aka samu daga ƙona ɓawon kawa. Tana da taushi, tana barin tururi ya fita, kuma in gida ya motsa ita ke tsagewa, bulo ya tsira. Siminti kishiyar haka ne. Ya fi bulon ƙarfi, ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya hau sama a bayansa, gishiri ya taru a cikin bulon ya mai da shi gari, ginshiƙin da ke ciki ya ruɓe ba wanda ya gani. Wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa a Kano ko Zariya da aka shafe da siminti, bayan damina kaɗan shafen ya ɓanɓaro da naman bangon a jikinsa, ya san wannan ciwo. Fentin roba mai kauri da ruwan da ake fesawa wai don hana bango shan ruwa, duk aikinsu ɗaya da siminti.

A gwada abin da ke jikin bangon. Kwaɓin farar ƙasa ƙusa na karce shi, kuma yana tafasa in an ɗiga masa ruwan binega. A bi filastar da ƙotar guduma ana ƙwanƙwasawa, a yi wa duk inda ya yi ƙarar rami alama da alli. Inda siminti ya riga ya saki, a cire da cizal da guduma. Inda ya kama gam, a gwada ƙaramin wuri tukuna. In yana tahowa da fuskar bulo, a tsaya ga cire na ƙasa, ƙafa uku zuwa huɗu, inda danshi ya fi yawa. Kada a sa giranda, kada a wanke da feshin yashi. Fatar bulon nan siririya ce, in ta tafi ba ta dawowa.

Bayan an buɗe, a bar bango ya sha iska a ƙarƙashin kariya daga ruwan sama. Magina na ƙiyasta wata ɗaya ga kowane inci na kauri. Gaggawa a nan ita ke sa sabuwar filasta ta fito da gishiri.

Wajen sake cike layukan bulo, a ƙwaƙule tsohon kwaɓi zuwa zurfin da ya ninka faɗin layin sau biyu zuwa biyu da rabi, a share ƙura, a jiƙa bangon har ya daina zuƙa da sauri amma ba ya ɗiga. Kwaɓin gargajiya awo ɗaya ne na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa da awo uku na yashi mai kaifi, wankakke. Hukumar Vieux Carré, wadda ke kula da French Quarter, ta amince da kwaɓin da simintinsa bai wuce awo ɗaya ba cikin awo uku na farar ƙasa da tara na yashi. Wannan iyaka ce ta sama. A bulon kogi mai taushi sosai, mu a ganinmu barin simintin gaba ɗaya ya fi. A cusa kwaɓin kaɗan-kaɗan ana dannawa, ba a cike zurfin a tashi ɗaya ba. Farar ƙasa tana ƙona fata da ido, a sa safar hannu da tabarau.

Filasta shafi uku ce. Na farko kusan kashi uku bisa takwas na inci, da gashin dabba ko zare a ciki don ya riƙe, a karce fuskarsa. Na biyu kamarsa, shi ke daidaita bango. Na uku siriri, kashi ɗaya bisa takwas. A bar kwanaki tsakanin kowane shafi, a rataya jiƙaƙƙen buhu a yi ta yayyafi, domin farar ƙasa ba bushewa ke ƙarfafa ta ba, iska take sha a hankali. In rana ta busar da ita da wuri sai ta zama gari. Filasta ba ta kama katako, shi ya sa maginan da ke sassara fuskar ginshiƙi da gatari. Yau ana iya ɗora raga marar tsatsa a kan ginshiƙin ta zarce inci kaɗan kan bulo ta kowane gefe. In tsohon shafen yana da zanen layuka masu kwaikwayon jerin duwatsu, a auna su kafin a cire, a mayar yadda suke. A ƙarshe a shafa ruwan farar ƙasa, tsararo, sau uku zuwa biyar, da launin ƙasa a ciki in ana so.

Akwai masu sha'awar barin bulo tsirara saboda sun ga tsohon ginin nan na Lafitte's Blacksmith Shop a titin Bourbon, inda bulo da ginshiƙi ke leƙowa. Ganin yana da kyau, amma ba a buga wannan bulo don ya fuskanci ruwa da rana ba. Ko a cikin ɗaki aka tuɓe shi, zai yi ta zubar da jan gari.

A karkara, kamar yankin Cane River kusa da garin Natchitoches na Louisiana, ba bulo ake cusawa tsakanin ginshiƙai ba. Laka ce da aka tattake da zaren wani tsiro mai kama da furfura da ke rataye a rassan itatuwan Louisiana. Ana soka sanduna a kwance tsakanin ginshiƙai, a rataya curin lakar a kansu, a daddanna. Gyaransa shi ne a tattara abin da ya faɗo, a jiƙa, a ƙara sabon zare, a jiƙa gefen ramin, a cike a bar shi ya tsuke, a sake cike tsagar. Ruwan farar ƙasa ko falanki ne suturarsa.

Ƙofofi, gara, da kayan zamani

Ƙofofin gilashi ciki suke buɗewa, ƙyauren katako na waje kuma waje. Ƙyauren farko falankai ne a tsaye da aka ɗaure ta baya, a kan dogayen hinji na maƙera. Ƙasansu ke ruɓa. A yanke a yi ƙari, kada a zubar. Tsohon gilashi mai ɗan lanƙwasa a adana shi. Sai a 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma, saboda haka a ɗauka duk tsohon fenti na da ita: a jiƙa kafin a kankare, kada a ƙona, kada a goge a bushe, a nisantar da yara da masu ciki.

Garar Formosa, wadda ta shigo ta jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita ce babbar abokiyar gabar katakon garin, har gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na musamman a kanta a French Quarter a 1998. Abin da ya sa ta fi sauran haɗari shi ne tana iya kafa gida a cikin bango ko rufi ba tare da ta koma ƙasa ba, muddin akwai yoyon da ke ba ta ruwa. Masu fiffikenta na fitowa da magariba daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, sun fi yawa a Mayu. Tarin fikafikai a bakin taga ta ciki alama ce ta a kira masu magani nan take. A sa tarkon guba a kewayen gida, a riƙa dubawa duk shekara, kuma kada a jingina itace ko a bar tsiro mai yaɗo ya hau bango.

In za a shigo da banɗaki da ɗakin girki cikin gidan, sun fi dacewa a ƙananan ɗakunan baya. In za a rufe barandar da ke tsakaninsu, a rufe da gilashi mai buɗewa. Kada a rushe bangon tsakiya don neman babban falo, kada kuma a cire gindin bututun hayaƙi a bar samansa: nauyi suke ɗauke da shi. Na'urar sanyaya ɗaki kada a sa wadda ta fi ƙarfin gidan, domin tana sanyaya iska ta mutu kafin ta zuƙe danshi, sai gumi ya kwanta a bango. Takardar bango ta roba da kumfar da ake fesawa jikin tsohon katako duk suna tsare danshi su ɓoye gara.

Kafin a fara aikin waje sai da izini. A French Quarter, Hukumar Vieux Carré da aka kafa a 1936 tana duba duk abin da ke wajen gini, har launin fenti da bangon tsakar gida. A Marigny da Tremé da Bywater, hukumar unguwannin tarihi ta birnin, wadda aka kafa a 1976, ita ke duba abin da ake hangowa daga titi. A ɗauki hoton kowane bango da ƙofa kafin a taɓa, za a nema. A tsara aikin rufi ya ƙare kafin 1 ga Yuni, ranar da lokacin guguwar teku ke kamawa har zuwa ƙarshen Nuwamba. Aikin farar ƙasa kuma a ajiye shi zuwa Maris da Afrilu ko Oktoba da Nuwamba, lokacin da zafi ya sassauta kuma sanyi bai kai na daskarar da ruwa ba.